An caje ni fam 100 a gurbin motar gidan da nake haya a Ingila

Ɗan Haya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokokin haya a Ingila. Ina zaune a wani bene mai gidaje da yawa, kuma yarjejeniyar hayata ta faɗa ƙarara cewa gidan ya haɗa da gurbin ajiye mota guda ɗaya, wanda aka rubuta lambar ƙofata da farin fenti a ƙasansa. Kwanakin baya masu kula da ginin suka kawo wani kamfanin fakin mai zaman kansa, ya kakkafa alluna cewa dole kowace mota ta nuna takardar izini. Ni ba a ba ni takardar ba, sai daga baya na ji cewa mai gidan aka aika wa, shi kuwa ba a garin yake zaune ba. Na fito da safe na tarar da leda ruwan ɗorawa manne a gilashin gaba, ana nemana fam 100, ko fam 60 idan na biya cikin kwana 14. Abin ya sosa mini rai, domin kuɗin gurbin nan yana cikin hayar da nake biya duk wata. Shin in biya ragin in huta, ko ina da hujjar da zan tsaya a kanta?

Tsohon Mazauni:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar biya, domin da zarar ka biya, kamfanin zai ɗauka magana ta ƙare, kuma da wuya kuɗin su dawo.

Takardar da aka liƙa maka ba tarar hukuma ba ce irin ta karamar hukuma ko 'yan sanda. Da'awa ce ta kamfani cewa allon da ya kafa tayin yarjejeniya ne, kai kuma ka amince da shi da ka ajiye mota, sannan ka saɓa. A nan hujjarka take. Allon yana yi maka tayin izinin ajiye mota bisa sharaɗi, alhali kai kana da wannan izini tun kafin a kafa allon, kuma ka biya kuɗinsa. Kamfanin ba ya cikin yarjejeniyar da ke tsakaninka da mai gidanka, don haka ba shi da ikon ƙara mata sharaɗi shi kaɗai.

Kamfanonin nan sukan dogara da shari'ar kamfanin fakin ParkingEye da wani direba mai suna Beavis, wadda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015, inda ta halatta cajin fam 85. Amma wancan mutumin ya wuce awa biyun kyauta ne a filin motocin wasu kantuna a Chelmsford, inda ake bukatar motoci su riƙa fita don masu sayayya su samu wuri. Babu irin wannan dalili a gurbin da aka keɓe wa mutum ɗaya a gidansa. Shari'ar da ta fi kusa da taka ita ce ta wata mazauniyar bene mai suna Jopson da kamfanin fakin Homeguard ta 2016, inda alƙali a Oxford ya ce tsarin fakin bai shafe haƙƙin da takardar mallakar gida ta bai wa mazauniya ba, bayan ta tsaya sauke kaya a ƙofar bene. Hukuncin bai zama tilas a kan sauran alƙalai ba, amma suna sauraronsa. Akwai kuma ta Saeed da Plustrade ta 2001, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wanda ya ba da haƙƙin ajiye mota ba zai dawo ya ƙwace shi ba.

Sai dai akwai abin da dole ka bincika. Mai gidanka ba zai iya ba ka abin da shi kansa bai mallaka ba, kuma yawancin masu gidajen bene suna riƙe da su ne bisa haya ta dogon zango daga mai filin. Ka roƙe shi kwafin wannan takarda, ka duba ko ta ba masu kula da gini ikon kafa sababbin ƙa'idojin fakin, sannan ka duba ko taka yarjejeniyar ta ɗora maka bin su. Idan babu wannan sharaɗi, ƙafarka a kan dutse take.

Uwar Biyu:

Ɗan'uwa, ni tsorona bashi ne. Wata maƙwabciyata ta yi watsi da irin wannan takarda, wasiƙu suka yi ta zuwa, kuɗin suka haura, har ta kai ga hukuncin kotu bisa sunanta ba tare da ta halarta ba. Ga mai haya wannan babbar matsala ce, tunda ana bincika tarihin bashin mutum kafin a ba shi gida. A ganina fam 60 bai kai wannan wahala ba.

Tsohon Mazauni:

Hajiya, tsoronki yana da tushe, amma abin da ya kayar da maƙwabciyarki shiru ne, ba ƙin biya ba. Wasiƙun masu karɓar bashi, waɗanda sukan ƙara har fam 70, ba su da ƙarfin ƙwace komai. Takardar da ba a wasa da ita ita ce ta ƙarar kotu: mutum yana da kwana 14 ya amsa, kuma idan ya sanar da kotu cewa ya karɓa, wa'adin kare kansa ya zama kwana 28. Ko da ya je ya faɗi, idan ya biya duka cikin wata ɗaya, hukuncin ba zai zauna a rajistar da ke riƙe suna shekara 6 ba. Sannan biyan fam 60 ba ya kashe matsalar Malam, domin gobe ma a nan zai ajiye motarsa, kuma wata ledar za ta biyo baya.

Ɗan Haya:

Na gode muku duka. Na sake karanta yarjejeniyar, babu inda aka ambaci takardar izini. Wa zan fara rubuta wa, kuma me zan ce?

Mai Bin Diddigi:

Malam, ka fara da mai gidanka da masu kula da ginin a rana ɗaya, a rubuce. Su suka ɗauko kamfanin, kuma sau da yawa umarninsu ya isa a soke cajin. Ka nemi su sa lambar motarka cikin jerin waɗanda aka keɓe, ka kuma bayyana cewa ko ka karɓi takardar izinin, za ka nuna ta ne don zaman lafiya, ba don ka amince da sabon sharaɗi ba.

Kada jiran amsarsu ya cinye maka wa'adi. Kana da kwana 28 ka shigar da ƙorafi ga kamfanin. Ka haɗa da shafin yarjejeniyar da ya ambaci gurbin, da hoton motar a kan lambar ƙofarka, da hoton allon. Ka taƙaita: kai ne mai haya, gurbin naka ne bisa yarjejeniya, ba ka ƙulla komai da su ba, su soke. Idan sun ƙi, ka duba ƙungiyar kamfanonin fakin da suke ciki a kan takardar, BPA ko IPC. Idan BPA ce, za su ba ka lambar zuwa POPLA, sashe mai zaman kansa da ke sake duba ƙorafi, kyauta ne, kuma hukuncinta yana ɗaure kamfanin amma ba ya ɗaure ka. Idan IPC ce, nata sashen duba ƙorafi mai suna IAS ake zuwa. Ka sani cewa damar biyan fam 60 kawai takan ƙare idan ka kai wannan mataki.

Game da wanda ya tuƙa motar, babu dokar da ta tilasta maka faɗa wa kamfani mai zaman kansa. A Ingila da Wales, dokar Protection of Freedoms ta 2012 ta ba su damar bin wanda motar ke rajista da sunansa, amma sai sun cika sharuɗɗa. Idan a gilashi aka liƙa takarda, ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne dole wasiƙarsu ga mai rajistar motar ta iso bayan kwana 28 kuma kafin kwana 56 su wuce. Don haka ka adana ambulan ɗin, ka rubuta ranar da ya iso. Idan takardar kotu ta zo, ka kai ta ofishin ba da shawara kyauta na Citizens Advice tare da yarjejeniyar hayar tun wa'adin bai yi nisa ba.