Neman shawara: in tafi babban birni neman aiki ko in dakata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Akanta na karanta a jami'a, kuma tun da na gama ina gida ina ɗan riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Abokaina da suka tafi babban birni kullum cewa suke in taho, wai aiki na nan birjik. To amma na yi ta tura takardu ta intanet har na gaji, ko "mun gani" ba a ce mini ba. Kwanan nan kuma wani ya kira ni ya ce akwai gurbi a wani kamfani, sai dai in fara biyan kuɗin rajista da na horo kafin a kira ni ganawa. Ku da kuke zaune a manyan birane, yaya kasuwar aiki take a gaskiya? Shi kuma wannan mutumin in biya shi?

Wani ɗan'uwa:
Wa alaikumus salam. Kar ka ba shi ko kwabo. Mai neman ma'aikaci shi ke biya, ba mai neman aiki ba. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ma ƙa'idar da ta shimfiɗa ke nan a Yarjejeniya ta 181 ta shekarar 1997, cewa kamfanonin da ke haɗa mutane da aiki ba ma'aikaci za su caza ba. Kana biyan na rajista za a ce saura na gwajin lafiya, daga nan na yunifom, daga nan wayar ta daina shiga.

Wata mai aikin ɗaukar ma'aikata:
Ƙanina, bari in gaya maka inda takardunka suke maƙalewa, don a irin wannan teburin nake zaune. In muka saka tallar gurbi ɗaya a LinkedIn, dandalin neman aiki na intanet, takardun da ke shigowa sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya karanta. Manyan kamfanoni manhaja ce ke fara tace musu, tana neman kalmomin da ke cikin tallar. In takarda ɗaya kake watsa wa kowa, da wuya ta kai idon mutum. In ma ta kai, ana ganin adireshinka na wani gari mai nisa sai a ajiye ta gefe, saboda ba a son a kira mutum ganawa ya ce sai mako mai zuwa.

Abu na biyu, ƙananan kamfanoni da matsakaita, waɗanda su ne suka fi yawa a kowane birni, sau da yawa ba sa talla ko kaɗan. Mai wurin zai ce wa ma'aikatansa, "Wa ya san yaro mai amana da ya iya lissafi?" Kafin la'asar an kawo masa sunaye. Shi ya sa abokanka ba ƙarya suke ba, kai ma ba ƙarya kake ba. Aikin yana nan, amma ba ta ƙofar da kake bugawa ake shiga ba.

Kuma don Allah ka daina rubuta "ina da ƙwazo da juriya", kowa haka yake rubutawa. Lissafin nan da kake rainawa shi ne jarinka. Rubuta abin da ka yi: ka daidaita littafin ciniki da takardar banki, ka shirya albashi, ka bi basussuka. In ba ka goge a Excel ba, fara da shi yau, sannan ka koyi manhajar lissafin kuɗi irin QuickBooks ko Sage. Rajistar jarrabawar ƙwararrun akantoci irin ACCA, ko da matakin farko ne, tana sa a sake duban takarda.

Wani malamin tattalin arziki:
Hajiya ta gama magana ta ɓangaren ofis. Ni gargaɗi zan ƙara. Tun 1970 masana biyu, John Harris da Michael Todaro, suka bayyana abin da ke sa birni ya cika da marasa aiki alhali mutane ba su fasa kwarara cikinsa ba. Mai tahowa albashin wanda ya dace yake kallo, ba ya ƙirga waɗanda ba su dace ba. Har ma in aka buɗe sabbin guraben aiki, labarinsu na iya jawo masu nema fiye da adadin guraben. Sannan rahoton Hukumar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, wajen mutum biliyan 2, aikinsu ba na ofis mai takarda da fansho ba ne. Saboda haka in abokinka ya ce yana aiki, tambaye shi wane iri. Ka tambaye shi kuma me ke rage masa bayan haya da kuɗin mota, da awa nawa yake yi a hanya kullum. Da yawa ba sa son wannan tambayar.

Wani da ya taɓa yin wannan tafiya:
Malam, da girmamawa, kar mu karya masa gwiwa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ni da na tsaya lissafin nan da har yau ina gida. Ɗan'uwa ka taho, amma da sharaɗi. Ka samu wanda zai sauke ka tukuna, kar ka kama haya kafin ka san unguwar da aikin yake. Ka zo da guzirin da zai riƙe ka 'yan watanni, ka yanke wa kanka wa'adi. Kuma kar ka saki mutanen da kake yi wa lissafi, yawancinsa za ka iya ci gaba da shi ta waya.

Malamin tattalin arziki:
Ban ce kar ya je ba, cewa na yi ya je ido buɗe. Tun da an zo nan ma, ga wani abu. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun wanda kuka san juna sama-sama, ba aminin da kuke tare kullum ba, don shi amininka abin da ka sani shi ya sani. Nemi tsofaffin 'yan ajinku, da malamanku, da dillalan da 'yan kasuwar nan ke sayen kaya a hannunsu a birnin. Kar ka ce musu "a taimaka da aiki". Ka faɗi takamaimai abin da ka iya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na toshe lambar mutumin. Yaya Hajiya, in aikin da na fara samu bai kai matsayin karatuna ba, kamar kashiya ko mai kula da sito, in karɓa?

Mai aikin ɗaukar ma'aikata:
Karɓa, in dai yana kusa da lissafi. Daga sito ko kanta ana hawa zuwa ofishin akanta, na ga haka ba sau ɗaya ba, kuma mai aiki a hannu ya fi saurin samun wani. Wanda zan hana ka shi ne aikin da ba albashi sai kamasho, in ba ka da abin da za ka jingina da shi. Kafin ka fara ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce, ka duba watannin gwaji nawa ne, kuma kuɗin da aka ambata kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. Gyara takardar taka ka turo mini ta akwatin saƙo in duba maka, amma kar ta wuce shafi biyu.