Tabon ruwa a silin shago bayan hunturu: daga ina yake fitowa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magina da masu gyaran famfo a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a benenmu na kasuwanci, kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Tun ƙarshen hunturu wani tabo ruwan ƙasa ya bayyana a silin shagon ƙasa, kullum yana ƙara faɗi, fenti yana kumbura yana ɓarewa, alhali rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba.

Magini ya ce zafin rana da sanyin dare ne suka tsaga simintin. To amma ko da akwai tsaga, wane ruwa ne zai bi ta cikinta da rani? Akwai tanki bisa rufin, akwai kuma banɗaki a sama, sai dai mai gyaran famfo bai ga yoyo a fili ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa a kashe take tun Nuwamba.

Ta yaya ake gano bututun da ke yoyo cikin siminti ba tare da an fasa ba? Idan aka rufe dukkan famfuna kuma mitar ruwa ta ci gaba da juyawa, hakan ya isa shaida? Babban tsorona shi ne ƙarafan cikin simintin su yi tsatsa kafin damina.