Neman kalma: me za a kira itacen willow a Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi rahoto kan wani itacen willow, nau'in Salix lanata, mai ganye lulluɓe da gashi kamar ulu. A Norway da Iceland yana nan da yawa, amma a Birtaniya sai 'yan wurare a tsaunukan Sikotilan, irin su Corrie Fee. Barewa da tumaki sun cinye shi, saura wanda ya maƙale a gefen dutse inda bakinsu ba ya kaiwa. Ga shi namiji daban mace daban, in suka yi nisa da juna babu iri. Wane suna zan ba shi?

Malamin Arabiyya: Safsafu. Larabci na da safsaf, kuma ba yau muka fara aro a can ba.

Daga Maraɗi: A rubuta wilo a wuce wurin. Wa ya san safsafu a kasuwa?

Dattijon Zariya: Haba 'ya'yana. Muna da ɗan'uwansa a bakin rafi, rimni, wasu su ce ba-ruwana. Kullum sai aro, kamar kakanninmu ba su san itace ba! Ni dai na ce rimnin ƙanƙara.

Daga Maraɗi: Baba, da girmanka, ban taɓa jin rimni ba. Mai sauraro rimi zai ji, ya hango ƙaton itace, alhali wannan da ƙyar yake wuce mita 1.

Dattijon Zariya: Rashin saninka bai kashe kalma ba. Ku 'yan boko ne ke binne Hausa da ranta.

Malamin Arabiyya: Baba, kalmar littafi ma aro ce, ba ta rage wa Hausa daraja ba.

Dattijon Zariya: Wancan ba mu da shi muka aro. Wannan muna da shi.

Mai shirin rediyo: Don Allah a taimake ni, dare na yi. Saura matsayinsa ta fuskar haɗarin ƙarewa, vulnerable suke cewa a jerin tsirran Birtaniya.

Malamin Arabiyya: Kada ki ce dab da ƙarewa, wannan matakin sama ne. Ki ce yana fuskantar barazana, ki kuma ambaci Birtaniya, tunda ba duk duniya ba ne.

Mai shirin rediyo: To. Zan ce rimni mai ulu, wanda Turawa ke kira willow.

Dattijon Zariya: Kin yar da ƙanƙarata, 'yata. Ba komai, amma rimnin ya riga na Turancin fita bakinki.

Daga Maraɗi: Ni har yanzu ban gamsu ba.