Wanda ya yi sujada a tsohon coci da kuma sabon gini na zamani, me ka gani?

Sakataren kwamitin gini: Salama 'yan'uwa. Ikilisiyarmu za ta yi sabon gini kuma kan kwamiti ya rabu biyu, dattawa na son doguwar majami'a mai benci da hasumiya da gicciye a sama, matasa kuma babban zaure suke so mai dandamali da allon majigi. Don Allah wanda ya zauna a duka biyun ya gaya mana yadda ya same su.

Mai kibod: Yallaɓai sakatare ni ta wajen sauti zan yi magana. Tsohon cocinmu na dutse ne rufinsa can sama, in aka ɗauki waƙa murya takan daɗe tana yawo kafin ta mutu, shi ya sa ogan da waƙoƙi masu tafiya a hankali suke daɗi sosai a ciki, mutum hamsin sai ka ji kamar ɗari biyu. Amma ranar da muka shigo da ganguna da jita komai ya cakuɗe, ba ka bambance kiɗa da magana. Da muka koma sabon gini an sa kafet an manna soso a bango ko'ina, kiɗa ya fito tas, sai dai muryar jama'a ce ta ɓace. Daga kan dandamali ina kallon mutane suna buɗe baki ba na jin su, su ma ba sa jin na kusa da su sai sifika, a hankali da yawa suka daina rerawa suka koma kallonmu. Wannan abin yana damuna har yau.

Mama 'yar kwaya (ƙungiyar mawaƙan coci): Ɗana gaskiya ka faɗa. Ni abin da na fi kewa littafin waƙoƙi ne a hannu, allo kalmomi kawai yake nunawa kuma in mai kwamfuta ya makara da baiti ɗaya duk coci sai a yi tsit. Ga kashe fitilu, ba taga ko ɗaya, ba na ganin fuskar wadda ke gefena balle in san ko kuka take yi in riƙe hannunta. Amma jikokina da sai an yi ta fama da su kafin su tashi ranar Lahadi yanzu su ke tashina, wannan kam na gode wa Ubangiji.

Ɗan Katolika: Mu wannan canjin tun taron Vatican na biyu, wato babban taron shugabannin cocin Katolika, ya same mu, 1962 zuwa 1965, bayansa ne aka koma yin Mas, wato sujadarmu, da harshen mutane maimakon Latin zalla, aka jawo bagade gaba Fada mai jagorantar sujada yana fuskantar jama'a. Na yi sujada a babban cocin Katolika na Liverpool a Ingila wanda aka buɗe a 1967, a zagaye yake, bagade a tsakiya, duk inda ka zauna kana kusa kuma kana ganin fuskokin na ɗaya ɓangaren, hasken gilasai masu launi na sauka daga sama. A ɗaya ƙarshen titin akwai na Angilikan, in ka gan shi ka ce ya shekara ɗari biyar alhali a 1978 aka gama shi. Ku lura, ginin zamani ba dole sai ya zama dandamali da fitilu ba.

Baban yarinya mai keke: 'Yata a keken guragu take. A tsohon gini matakala ce tun daga ƙofa, kullum sai an ɗaga ta, kuma inda keken ke shiga bayan ginshiƙi ne ba ta ganin mai wa'azi. A sabon da kanta take turawa har gaba ta karɓi jibin Ubangiji. Ko wane iri za ku gina ku tuna da irinta, da banɗaki, da ɗakin yara.

Mai zanen gini: Yawancin zaurukan nan daga manyan cocin Amurka ake kwaikwayo, irin Lakewood na Houston da asalinsa filin ƙwallon kwando ne suka koma cikinsa a 2005, kujeru wajen 16,000, to tsarin da ya dace da su ba lallai ya dace da mutum 400 ba. Wani coci da na yi wa aiki bayan dandamali kawai muka sa soso, muka bar rufi da bangon wajen jama'a da tauri, muka buɗe manyan tagogi, ganguna suka zauna lafiya muryar jama'a ma ta fito. Kafin ku zana komai ku fara yanke abin da ido zai fara sauka a kai in an shigo, bagade ne ko mumbari ko 'yan kiɗa.

Sakataren kwamitin gini: Na gode ƙwarai, duka zan kai gaban dattawa. Mai zane don Allah kujerun a jere kuka yi su ko rabin da'ira, kuma masu kwaya ina kuka ajiye su?