Waɗanda suka taɓa hawa tudu don atisaye, ku ba mu labari

Mai gudun kilomita 10, Bauchi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan sallah, in Allah ya yarda, zan tafi Pankshin, kan tudun Jos a jihar Filato, in yi wata guda ina atisaye da 'yan gudun can. Duk guduna a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa nake yinsa, ban taɓa kwana uku a kan tudu ba. Wani abokina ya ce in cika jaka da ƙwayoyin bitamin C da E, wai iskar can tana cin jiki. Waɗanda suka je, me kuka gani?

Tsohon ɗan gudu, Gombe: Ƙanina, ni Gembu na je, kan tsaunin Mambila mai tsayin wajen mita 1,600 sama da teku, alhali Gombe ba ta kai 600 ba. Washegarin saukata na ɗaura takalmi na ce sai na yi irin gudun da na saba a Pantami. Ko rabi ban kai ba na tsaya na dafe gwiwoyi, numfashi sama-sama, kai yana sara min. Da dare barci ya ƙi zuwa, ina jin bugun zuciyata a kunne. Cinyoyina suka yi tsami kwana huɗu, a mako na biyu mura ta kwantar da ni. Sai a mako na uku na fara jin ƙafata ta dawo tawa. Makon farko ka yi sassarfa kawai, ko da yaran can za su wuce ka.

Mai horar da 'yan gudu, Bauchi: Abin da ya same ka na gan shi a jikin yarana ba sau ɗaya ba. Oksijin a can ma kashi 21 cikin 100 ne na iska, amma iskar ba ta da nauyi, don haka abin da ke shiga jini a kowane numfashi ya ragu. Ƙoda sai ta ƙara sakin sinadarin EPO, ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ce ribar da ake hawa nema, kuma tana son mako uku zuwa huɗu. To amma tsokar da ke aiki cikin ƙarancin oksijin tana ƙara fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki yana da nasa makaran, sai dai a kwanakin farko ɓarnar kan fi ƙarfinsu. Ga inda ake kuskure: wannan 'yar tsatsar ita ke farkar da jiki ya ƙarfafa kansa. In ka danne ta da manyan ƙwayoyin bitamin kullum, kana iya rage amfanin wahalar da ka sha. Ni yarana gwaiba, lemu, tumatir, miyar zogale da kunun kuka nake sa su ci. Kuma kada ka sa rai da yawa: tsayin Jos mita 1,200 ne da 'yan kai, Iten ta Kenya kuwa, inda 'yan gudun ƙasar ke atisaye, wajen 2,400.

'Yar gudun dogon zango, Gombe: Koci, ka bar maganar ƙarfen jini, mu mata nan ta fi kama mu. Na yi mako uku a Jos na sauko a galabaice, na ɗauka lalaci ne, har kuka na yi. Da aka gwada jinina sai aka ce ƙarfen ya yi ƙasa tun kafin in tafi, jiki bai sami abin da zai ƙera sabon jinin da shi ba. Likita ya ba ni magani, ya ce in riƙa cin hanta da wake, in daina kora abinci da shayi. Yaya, ka yi gwajin kafin ka hau mota. Ka kuma sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, sanyin can yana ɓoye shi.

Ɗan keke, Bauchi: Ni fa na sha bitamin C ɗin kullum da na je Jos, ban ga ya cuce ni ba.

Mai horar da 'yan gudu, Bauchi: Ɗan abin da likita ya rubuta maka daban ne, ɗana. Wanda nake hanawa shi ne a sayo a kemis a riƙa afawa safe da yamma ba gwaji.

Mai gudun kilomita 10, Bauchi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Litinin zan je gwajin jinin. Kuɗin ƙwayoyin kuma na ba Inna, ta ce za ta shanya min zogale ta daka min garin kuka.