Na'urar tsaron wifi da rigimar "ɓarayin Birni"

Mai Wifi na Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Yau dai sai na faɗa ko da za a ce na cika surutu. Wannan abin da ake ce ma kaptar na tsaron wifi yaudara ce tsagwaronta, ba ta tsare komai. Jika tamanin na zuba, kuɗin na'ura da kabil da ladan yaron da ya ɗaura min, yau sati uku kenan fitilarta kore shar tana ta ƙyafta ido kamar mai aiki, amma da an idar da isha'i sai rezo ya koma tafiyar hawainiya, masu sayen tike suna ta zagina, ga ɓarayin Birni sun jeru a gindin katangata kowa da wayarsa suna kallon bidiyo a kan kuɗina. Na buɗe shafinta na tarar da gargaɗi ya fi ɗari huɗu, ja ja ja, ban san wanda zan kama ba. To tsaron me ta yi min?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yanke mata hukunci, a ina aka ɗaura ta, kuma an shigar mata da sunayen rutocinka? Ita wannan na'ura kunne ce, ba kwaɗo ba ce. Tana zagaya tashoshin wifi ɗaya bayan ɗaya, na 2.4 da na 5, tana sauraren duk abin da ke yawo a iska. In ba a gaya mata ga nawa ga na maƙwabta ba, duk rutar da ta ji sai ta ce baƙuwa ce, har taka.

Ɗan Birni: Dakata tukuna Injiniya. Alhaji ɓarayin ina ka ce?

Mai Wifi na Zango: Ka karanta ai, ba da Larabci na rubuta ba.

Ɗan Birni: To wallahi ka janye. Katin shaidarsu ka duba ka ga an rubuta Birni? Unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, unguwar malamai, ita za ka kira ta ɓarayi saboda megabit biyu? Lokacin da ake gina ganuwa kakanninku fa a waje suke sauke kaya, shi ya sa ma ake ce muku Zango.

Autan Zango: Hahaha an fara. Eh mu baƙi ne mun yarda, amma baƙin ne suka kawo kasuwa. Ku kuna nan kuna gadin katanga har aka ɗauke babban birnin ƙasa aka kai Yamai a 1926, me kuka yi?

Ɗan Birni: Kai yaro ba da kai nake ba, da yayanka nake.

Hajiya Mai Kanti: Ni dai tambaya gare ni. Wai shan wifi sata ne? Ni a ɗakina ina kwance na maƙwabcina yake shigowa har kan gado, ban haura katangar kowa ba, ban fasa ƙofa ba. In reshen mangwaronka ya leƙo gidana ya zubo, sai in share in kai maka?

Malamin Lakwal: Hajiya misalin bai hau ba. Mangwaro in ya faɗo mai shi ba ya biyan komai, shi kuwa wannan duk wata sai ya biya, kuma abin da kika sha daga rabon wanda ya sayi tike aka rage. Ya fi kama da wanda ya ja tiyo daga famfon maƙwabci da dare. Mu ƴan Damagaram ai ba sai an koya mana darajar ruwa ba.

Hajiya Mai Kanti: Malam ai ni nawa maƙwabcin bai sa kod ba, a buɗe ya bar shi. Wanda ya bar randa a ƙofar gida da moɗa a kai ai sadaka ya yi.

Malamin Lakwal: Ko kuma bai iya rufewa ba. Kin taɓa tambayarsa?

Hajiya Mai Kanti: In tambaye shi ya rufe? Allah ya kiyaye.

Injiniya: Jama'a ku bari mu taimaki mutumin nan. Alhaji har yanzu ba ka ce min inda take ba.

Mai Wifi na Zango: Tana kan firij a cikin shago, bayan kabad ɗin ƙarfe, wai don kada ƙura ta shige ta in hunturu ya zo.

Injiniya: Innalillahi. To ai an toshe mata kunne. Ƙarfe yana tare siginal, ga rufin kwano a sama, ga katangar laka mai kauri, musamman na 5 da ba ya jure katanga kamar na 2.4. Wurinta sama ne, a silin ko can saman bango, tsakiyar wurin da kake son ta saurara, nesa kaɗan da rutar kanta. Ba ta ma buƙatar soket a can sama in mai PoE ce, kabil ɗin intanet guda ɗaya shi ke kai mata wuta da bayanai, har mita 100 yana zuwa. Bayan haka a sa mata sunan ƙasar da muke ciki daidai don ta san tashoshin da za ta bi, a bar ta kwana biyu tana saurare, sannan a zauna a ware: waɗannan nawa ne, waɗannan na maƙwabta ne a ƙyale su, sauran su ne abin tuhuma. In an yi haka ɗari huɗun nan ba za su kai goma ba. Sai kuma agogonta, in kuran ya ɗauke ya dawo ba ta daidaita lokaci ba, duk abin da ta rubuta zai fito da kwanan wata na bogi, don haka a haɗa ta da batir ko ondila.

Teknisiye Sabon Gari: Duk wannan dogon turanci ne. Ku ƴan karatun Kano haka kuke, abu kaɗan sai lacca. Alhaji ka kulle da adireshin MAK kawai, wato lambar da ruta ke gane kowace waya da ita, wayar da ba ka sani ba kada ta shiga, shikenan.

Injiniya: Wace shekara kake ciki? Tun Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye lambarsu ta asali suna ba kowane wifi wata daban. Kuma lambar a fili take yawo a iska, yaro mai kwamfuta zai kwafi ta kwastoma ya shiga da ita. Ni kuma ba a Kano na yi karatu ba, a nan jami'ar Zinder na yi.

Teknisiye Sabon Gari: To me ya sa kake ce mata sansa ran nan? Kaptar ake cewa.

Injiniya: Ka nuna min inda na rubuta sansa a nan.

Teknisiye Sabon Gari: Ba a nan ba, a tasha na ji ka da kunnena.

Autan Zango: Kaptar ko sansa duk ba Hausa ba ne, ku ce mata ƴar gulma mu huta, tun da aikinta saurare da kai rahoto.

Ɗan Birni: Ni har yanzu ina jiran a janye kalma. Kowa ya shiga zancen firij an manta an zagi unguwa guda.

Mai Wifi na Zango: Ba zan janye ba. Na san fuskar biyu daga cikinsu, a bayan fada suke.

Ɗan Birni: Biyu. Biyu cikin nawa?

Mai Wifi na Zango: Ban ƙirga ba, dare ne.

Ɗan Birni: Jama'a kun ji shaida. Dare ne bai ƙirga ba amma ya ga Birni a goshinsu.

Malamin Lakwal: Gaskiya Alhaji a nan ka ɗan zarce. Laifin wani ba ya shafar wani. Da ka ce wasu yara da an wuce wurin.

Mai Wifi na Zango: Malam kai ma ai matarka ƴar Birni ce, ba zan ji mamaki ba.

Malamin Lakwal: Subhanallahi. Iyali kuma me ya kawo su? Ni da na tsaya maka a gaban Hajiya yanzun nan.

Hajiya Mai Kanti: Ka gani ko Malam, wanda kake karewa kenan.

Ɗan Acaɓa Mai Digiri: Ni na ga a YouTube akwai maɓalli a irin na'urar nan da ke koro mutane daga wifi. Alhaji ka danna shi kawai duk wanda ke layin ya faɗo, har rutocin maƙwabta ka kashe su kowa ya ɗanɗana.

Injiniya: Kada ka kuskura. Akwai shi a wasu, saƙon katsewa take aikawa da sunan ruta sai waya ta ɗauka an sallame ta, domin a tsohon tsari wannan saƙon ba shi da kariya. Amma an yi shi ne don rutar bogi da aka jona a kan layinka, ba don ta maƙwabci ba. A Amurka a 2014 hukumar sadarwarsu ta ci otal ɗin Marriott tarar dala 600,000 saboda toshe wifi na baƙi da irin wannan dabara. Mu ma nan muna da dokar laifukan intanet tun 2019.

Autan Zango: Dala 600,000? Ai miliyan uku ne kawai na sefa, Alhaji zai iya biya.

Injiniya: Dalar Amurka, ba dalar kasuwar Dole mai sefa biyar ba.

Teknisiye Sabon Gari: Kun ji shi ko, daga Kano ya tsallaka Amurka. Mu nan Damagaram muke.

Injiniya: To bari in tambayi abin Damagaram ɗin. Alhaji yaran nan a wane wifi suke, na tike ko na cikin shago mai kod?

Mai Wifi na Zango: Na shago. Shi ne abin da ke ƙona min rai, wancan ba shi da iyaka, ni da yaran shago kawai muka san kod ɗin.

Injiniya: To magana ta fito. Wanda ya shigo da kod na gaskiya, a wurin na'ura ɗan gida ne, ba za ta yi masa haushi ba ko a silin take. Abin da take kamawa shi ne wanda ya buɗe wifi da irin sunan naka don ya yaudari kwastomominka, ko wanda ke koro mutane da saƙon katsewa, ko rutar da aka jona a ɓoye. Kod kuwa yanzu ba sai an faɗa da baki ba, wayar zamani da ta taɓa shiga tana iya nuna shi a hoton QR, aboki ya ɗauka cikin daƙiƙa biyu. Ka canza shi yau, ka sa dogo, tsarin kulle wifi na WPA2 yana karɓar harafi 8 har 63, ba lambar wayarka ba. Ka kashe WPS, wato hanyar shiga ruta ba tare da rubuta kod ba, tun 2011 aka gano lambarsa mai 8 tana fasuwa. In rutarka tana da WPA3 ka kunna, shi yana kare saƙonnin katsewar nan.

Ɗan Birni: Allahu akbar! Ashe ɓarawon a cikin shago yake kwana. Yaran shagonka ƴan wace unguwa ne Alhaji?

Autan Zango: Ba ruwanka.

Ɗan Birni: Auta me ya sa kai ka amsa? Ba kai ne ke zama a shagon da rana ba?

Autan Zango: Ni mutum ɗaya kawai na ba, kuma ya rantse ba zai ba kowa ba.

Mai Wifi na Zango: Auta. Ka same ni a gida bayan magariba.

Hajiya Mai Kanti: To in ɗan gida ne ya bayar ai kyauta ce ba sata ba, maganata ta fito.

Malamin Lakwal: Ba ta fito ba Hajiya, wanda ya bayar ba nasa ba ne. In yaron kantinki ya raba sukari ga abokansa kyauta za ki kira shi?

Hajiya Mai Kanti: Sukari daban iska daban. Kuma kada a sa kantina a ciki.

Teknisiye Sabon Gari: Da an bi shawarata ta MAK da duk haka ba ta faru ba.

Ɗan Acaɓa Mai Digiri: Ni dai a ba ni sabon kod ɗin in gwada ko ya yi ƙarfi.

Admin: To jama'a ya isa haka, saƙo ya yi yawa mutane suna ƙorafin megansu. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an tabbatar babu hannun ko mutum ɗaya na Birni a wannan magana, matsala daga cikin Zango ta taso kuma a can za ta ƙare. Na biyu, ya kamata Alhaji ya nemi afuwar mutanen Birni a nan inda ya yi maganar. Na uku, na'urar lafiyarta ƙalau, ɗaurin ne aka ba wanda bai iya ba, wanda ke son irinta da ɗauri mai kyau ya same ni ta gefe, akwai saura uku a shago. Zancen ko shan wifi sata ne an bar ma malamai. An rufe.

Malamin Lakwal: Admin wa ya tabbatar? Mutumin ya ce ya ga fuska biyu.

Admin: Da dare ya gani Malam. An rufe na ce.

Autan Zango: Admin ɗan Birni ne fa jama'a, a bayan masallacin Juma'a aka haife shi.

Mai Wifi na Zango: Afuwa ba zan nema ba. Kuma Admin ai a shagonka na saye ta, yaronka ne ya ɗora ta a kan firij. Injiniya, in na mayar da ita silin, zafin kwano na watan Afrilu ba zai ƙona ta ba?

Ɗan Birni: Ka fara janye kalmar tukuna.