Mudir ya riƙe mini kuɗin wasa, ga wani aiki ya taso: in ajiye tuƙi?

Abu Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'ar gida. A yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. A nan Jidda aka haife ni, a unguwar Sabil muka tashi kafin rusau ya watsa mu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kama ne a Kano kafin ya zo aikin hajji ya zauna, abin a jini yake. Tun ina yaro ni ke haɗa yaran unguwa tashe idan azumi ya kai goma, har kawuna ya taɓa fasa mana ganga. Har gobe cewa yake wasan banza ne, matata ma da farko bayansa ta bi, sai da ta ga ana kirana biki da suna a istiraha (gidan hutu da ake haya don taro) ina dawowa da riyal 300, wani lokaci 500. Shekara shida ke nan.

Ga matsalar. Wata makaranta mai zaman kanta ta ce in shirya wa yara 30 wasan kwaikwayo na Yaumut Ta'asis, ranar tunawa da kafuwar Saudiyya, 22 ga Fabrairu. Mun yi da mudir, wato shugaban makarantar, a kan riyal 3,000, bita 12. Na yi 9, ko sisi ban gani ba, kuma na kashe 850 daga aljihuna a yadi da ɗinki. Jiya ya ce in ƙara yara 15 don iyayensu sun yi ƙorafi. A gefe kuma wani mai shirya bukukuwa ya ce in zo in riƙa yi wa yara wasa a wani babban kanti, daren Alhamis, Juma'a da Asabar, wata uku, 250 duk dare. Amma sai na ajiye tuƙin da nake yi, albashi 1,800. Ya zan karɓi kuɗina ba tare da an ɓata ba? Kuma in ajiye tuƙin?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin ganga da kawu, ka tsallake abu ɗaya da komai ya rataya a kansa: jinsiyya gare ka, wato takardar ɗan ƙasa, ko igama, izinin zaman baƙo? In igama ce, wace sana'a aka rubuta a jikinta, wa ke kafalarka, wato wa ya tsaya maka a takarda? Aikin kai da kake ji ana yi, takardarsa ita ce wasiƙatul amalil hurr, kyauta ake ciro ta, shekara ɗaya take yi a sabunta, amma ta ɗan ƙasa ce kawai. Mai igama kuwa, sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana shi yi wa wani aiki ban da kafilinsa, ya kuma hana shi yi wa kansa. Hukuncin yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan tarhil, wato kora daga ƙasar. Wanda aka haifa a nan, tarhil ba wasa ba ne, ƙasar da za a kai ka ko hanyar tasha ba ka sani ba. Amsa wannan tukuna.

Ummu Rayyan:
Baban Walid, a bar shi ya sha iska mana. Abu Sadiƙ, tun farko ka karya wa kanka farashi. Lissafa: bita 12 sau minti 90, awa 18. Rubuta wasan da gyara shi, a ƙalla awa 10. Ranar wasa daga shirya dandamali zuwa kwashe kaya, awa 5. Awa 33 ke nan, ban sa zuwa da dawowa sau 13 ba. Cire 850 na kaya, saura 2,150, wato kusan 65 a awa kafin kuɗin mai. Kayan sawa ba sa shiga kuɗin mai koyarwa, makaranta ke saye ko ta karɓa wajen iyaye, kuma da yawansu suna karɓa ɗin, su bar malami da ɗawainiya.

Yadda ake yi: kashi 40 kafin alƙalami, 30 a tsakiyar bita, 30 kafin a buɗe labule, ba bayan an tafa ba. Da zarar iyaye sun ɗauki hoto sun watse, kai ka zama mai bin bashi. Yanzu ƙarfinka bita ukun da suka rage. Yau ka tura masa saƙon WhatsApp cikin ladabi: abin da aka yi magana, abin da ka yi, hoton rasit na 850, sai ka ce ƙarin yara 15 ƙarin aiki ne, ga kuɗinsa. Ka nemi rabi kafin bita ta 10. In ya amsa ko da "ɗayyib" (to) ne, ka sami shaida.

Abu Sadiƙ:
Na gode Hajiya, amma ba ku san mudir ɗin ba. Mutumin kirki ne, limamin masallacinmu ya haɗa mu. In na fara maganar rasit zai ga kamar na raina shi, kuma shi ya ce badi ma ni zai kira, har da bikin ranar ƙasa na 23 ga Satumba. Ni ba don kuɗi kaɗai nake yi ba. Yaran sun saba da ni.

Ummu Rayyan:
To in ba don kuɗi ba ne, me ya hana ka barci kwana uku?

Malam na Hindawiyya:
Ni ta wasan zan yi magana, don in ya rushe ranar, kuɗin ma ya tafi. Kada ka ba sababbin 15 ɗin magana ɗai-ɗai, bita uku ba za ta ɗauka ba. Mayar da su 'yan amshi. Raba su biyar-biyar, kowane rukuni layi biyu ko uku da za su faɗa tare, su zama mutanen kasuwar Dir'iyya, garin da daular ta faro, tunda ranar ta 1727 ce da Imam Muhammad bin Sa'ud. Iyaye so suke su ga ɗansu a dandamali da kaya a jiki, ba ƙirga kalmomi suke ba. Wasa kada ya wuce minti 18. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 10 kada layinsa ya wuce kalma goma, in ya wuce a raba wa biyu. Manyan rawa uku, kowacce a sami yaro na biyu da ya haddace, domin zazzaɓi ba ya sallama.

Bita ta 10: shiga da fita kawai, ba magana. Manna salatif mai launi a ƙasa, kowane rukuni da launinsa, yaro ya san inda zai tsaya. Ta 11: wasa gaba ɗaya sau biyu ba tsayawa, ko an yi kuskure a wuce. Ta 12 dole a kan ainihin dandamalin, da kaya da makirufo. Abin da ya fi kashe wasan makaranta shi ne yara sun yi bita a aji, ranar suka ga zaure mai faɗi suka dunƙule a kusurwa ɗaya suna ba mutane baya. Ka nemi malamai biyu su tsaya bayan labule, ɗaya dama ɗaya hagu, da takardar jerin fita a hannu. Kuma 22 ga Fabrairu hutu ne, ka tabbatar wace rana za su yi, kada a jawo ta baya a cinye maka bita.

Mai Sauti:
Malam ya yi daidai, sai dai da yara 45 a ɗauki muryoyinsu tun yanzu. Ɗaki mai kafet da labule, a kashe mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), waya tazarar taki ɗaya daga baki, a haɗa da kiɗa a fayil guda. Ranar su motsa baki kawai. Makarantu makirufo biyu gare su, ɗaya batirinsa ya mutu. Yara suna miƙa wa juna, lokaci na tafiya, wani ya je gaban lasifika ta yi ƙara zaure ya toshe kunne. Kuma kullum mai sauti ake zagi, alhali ba a kira shi sai saura awa biyu.

Malam na Hindawiyya:
A'a. Wannan ba koyar da wasa ba ne. Yaro ɗaya ya makara da daƙiƙa biyu, murya ta tafi ta bar shi, sauran duk su rikice, kuma fayil ba ya jira. A ɗauki muryar mai ba da labari da kiɗa kawai, a gutsure su gajeru-gajeru, kowanne da lambarsa. Yara su yi magana da bakinsu: makirufo uku a kan sanda a gaba, lasifika a gabansu tana kallon jama'a, sabon batir na ajiya.

Baban Walid:
Kuna ta gyaran ɗaki a gidan da ba a ga takardar fili ba. Ummu Rayyan, saƙon da kika ce ya zama shaida, shaidar me? Shaida ce cewa ya yi aiki a inda ba kafilinsa ba. Wa zai kai wa? Ofishin ƙwadago kwantiragin da ke Qiwa, shafin gwamnati na ma'aikata, yake dubawa. Ita ma makarantar laifi ne a kanta ta sa wanda ba nata ba aiki, ba takardar Ajeer ta izinin aikin wucin gadi, shi ya sa irin waɗannan ba sa son rubutu, sun san ba inda za ka. Hanya ɗaya ce mai tsabta. In mai bukukuwan nan da gaske yake, yana da rajistar kasuwanci da izinin Hai'atut Tarfih, hukumar nishaɗi, wadda ke ba da izinin irin wannan taro tun da aka kafa ta a 2016, to ya ɗauke ka a kafalarsa, a gyara sana'a. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara yana iya canja wurin aiki ta Qiwa ko kafili bai yarda ba. Abu Sadiƙ, karo na biyu: me ke jikin igamarka?

Abu Sadiƙ:
Yaya, direban gida ne. Amma kafilina ya sani, shi ma ya taɓa kirana sunan jikarsa. Kuma shekara shida ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Mai bukukuwan ya ce shi ba ya ɗaukar kafala, a hannu yake biya duk dare.

Baban Walid:
To ka ji. Gyaran 2021 bai shafi direban gida ba, shi da mai aikin gida da mai gadi da makiyayi da mai lambu, naku ta Musaned yake, shafin masu aikin gida. Sanin kafili da baki ba izini ba ne. Kuma istiraha daban, babban kanti daban: can a fili kake, da makirufo, ga masu duba takardu na zagayawa. Wanda ya ce ba kafala, a hannu, ranar da aka zo kai zai nuna. In ka ajiye tuƙi ba a daidaita ba, aka rubuta ka gudu daga aiki, ka gama. Shawarata: kada ka taɓa aikin kantin. Na makaranta ka je da liman ku zauna da mudir, a fitar maka da 850 ɗinka da abin da ya sauwaƙa, ka rufe wannan babin.

Ummu Rayyan:
Ko a ajiye maganar takarda, lissafin bai fita ba. Dare uku a mako, mako 13, dare 39, sau 250, ya kama 9,750. Tuƙi 21,600 ne a shekara, ba fashi. Wata na huɗu me za a ci? Aikin makarantu lokaci gare shi: Satumba, Fabrairu, bikin ƙarshen shekara, sai hutun bazara ya zo shiru. Mai rayuwa da wannan sana'a sai yana da ajiyar wata uku da ƙafa uku, koyarwa, wasa da rubutu. Amma ban yarda da "abin da ya sauwaƙa" ba. 3,000 aka ce. Irin wannan sassaucin ne ya sa mutanenmu za su kashe dubu goma a zauren biki, su sallami mai wasa da ragowar shinkafa da "Allah ya yi albarka".

Hajiya Ta Makka:
Ɗana, ka tattara basirarka ka sa a waya. Gajerun wasanni na minti ɗaya da Hausar nan tamu mai gauraye da Larabci, mutanen Kano da Zinder za su kalla. In suna ya fita, hanyar Kannywood a buɗe take. Amma kada ka kuskura ka ɗora bidiyon yaran makaranta ba da rubutaccen izinin iyaye ba, dokar intanet ta nan ba ta wasa da hoton mutane.

Baban Walid:
Hajiya, a yi mini afuwa, talla a waya ma sai da lasisi a ƙasar nan. In koyo yake so, ya leƙa Jam'iyyatus Saƙafa wal Funun, ƙungiyar al'adu da fasaha, reshen Jidda, tun 1973 ƙungiyar take, ya bi sanarwar horon Hai'atul Masrah, hukumar wasan kwaikwayo da aka kafa a 2020, ya san mutane. Daga irin nan ake samun kamfanin da zai ɗauki kafala.

Abu Sadiƙ:
Na gode duka, Allah ya bar zumunci. Maganar liman ba za ta yiwu ba, ba na son a ji kanmu. Na riga na sayo yadin yara 15 ɗin da safe, 320, don tela ya ce in ba yau ba ba zai gama ba. Mai bukukuwan na ce masa ya ba ni zuwa Asabar. Mai Sauti, a ina ake samun hayar makirufo uku da sanda mai sauƙi, kuma nawa ne a yini?

Ummu Rayyan:
1,170 ke nan yanzu. Kuma hayar ma kai za ka biya?